Wa Ya Ce Sai A Bakin Teku Rana Ke Faɗuwa?

Mai karatu, in ka samu sukuni yau da daddare, ka kunna duk fim ɗin Hausa da hannunka ya kai gare shi, ko tsohon na zamanin kaset ne ko sabo mai dogon zango na YouTube, ka jira a zo sin ɗin falon Alhaji. Ƙyale Alhajin da babbar rigarsa, ƙyale Hajiya da ke zuba masa lemo. Ɗaga ido ka dubi bangon da ke bayansu. Da wuya ba ka ga hoton nan ba: bakin teku, rana ja jawur tana shirin nutsewa cikin ruwa, bishiyar kwakwa ta karkace gefe guda, wani ɗan jirgin ruwa can nesa. Ka ci gaba da kallo har a zo waƙa. Jarumi da jaruma suna juyi, an shimfiɗa koren ƙyalle a bayansu, edita ya cire shi a kwamfuta ya liƙa wannan tekun dai. Ƙafafunsu ba su taɓa yashin ba, iskar da ke kaɗa kwakwar ba ta motsa gyalen jarumar ba, hasken rana na fitowa daga bayansu amma inuwar hancinsu ta nuna fitila ce a gabansu. In ka gaji ka kashe talabijin, ka ɗauki littafin soyayya, ko ka buɗe na waya. Me ke bangonsa? Teku, da rana tana faɗuwa.

Jama'a, yaushe muka yi teku? Daga Kano zuwa gaɓar Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000. Yawancin masu sayen finafinanmu da littattafanmu za su rayu su koma ga Mahaliccinsu ba su taɓa jin ƙanshin ruwan gishiri ba. Amma mun taru mun amince, ba tare da wani ya kira taro ba, cewa in ana son a nuna kyau, ko arziki, ko soyayya ta kai maƙura, to sai an aro faɗuwar ranar wasu. Ni dai wannan abu ya ishe ni, kuma shi nake son mu tattauna a wannan wata.

Bari in fara da wanke wanda ba shi da laifi. Zanen bakin teku da yamma ba abin raini ba ne. Yana da asali, yana da iyaye, kuma in ka san wahalar da iyayensa suka sha sai ka ƙara jin kunyar yadda muke cinikinsa a arha.

A shekarar 1886 wani saurayi Bafaranshe mai suna Georges Seurat (ana furta sunan kusa da "Sura", kuma ka san abin da sura ke nufi a Hausa, don haka Sura za mu kira shi) ya bar birnin Faris ya tafi wani ƙaramin gari na bakin teku a arewacin ƙasarsu, wai shi Honfleur, ya yi watannin zafi a can. Shekararsa 26 a lokacin, wato sa'an yawancin yaran da ke riƙe kyamara a lokeshin ɗinmu. Cikin abin da ya zana akwai wani allo da faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, wanda ya nuna yammacin wannan gari. Yau yana gidan adana zane-zanen zamani na birnin Niyok. Babu mutum ko ɗaya a cikinsa. Gaɓa ce, da wasu turaku na katako da aka kafa don karya ƙarfin igiyar ruwa, da ruwa kwance lumui, da gizagizai dogaye shimfiɗe a sama. Shi ke nan. Abin da ya sa duniya ke tsayawa gabansa shi ne yadda aka yi shi. Sura bai goga fenti da buroshi kamar mai fentin ɗaki ba. Ɗigo ya riƙa ajiyewa, ɗaya bayan ɗaya, dubbai, da launuka aƙalla 25. In ka matso kusa ba ka ganin teku, sai ɗigon shuɗi kusa da ɗigon ruwan lemo, ɗigon ruwan hoda kusa da kore. Ka ja da baya taku biyar, sai idonka ya haɗa su da kansa, sama ta buɗe, haske ya cika wurin. Hatta katakon da ya kewaye zanen sai da ya bi shi da ɗigo. Da yayyafi kogi kan cika, in ji Bahaushe, to ga shi nan a zahiri.

Masu sukar zane na zamaninsa da gatse suka laƙaba wa salon sunan da ke nufin zanen ɗige-ɗige. Shi da abokinsa Paul Signac sun fi son a ce rarraba launi, domin a wurinsu ɗigon hanya ce kurum. Kuma ba da ka suka yi ba, karatu suka bi. Akwai wani masanin sinadarai, Chevreul, wanda aka ba shugabancin sashen rini a masaƙar Gobelins ta Faris a 1824. Aka riƙa kawo masa ƙorafi cewa baƙin zarensa ba ya yin baƙi sosai. Ya bincika ya tarar rinin lafiyarsa lau, maƙwabcin zaren ne ke canza yadda ido ke ganinsa: baƙi kusa da shuɗi daban yake fita da baƙi kusa da rawaya. Ya fitar da littafi a kan haka a 1839. Wannan ilimi na marina shi Sura ya ɗauka ya kai kan allo. (A nan zan ɗan rage wa magoya bayansa zaƙi: sun yi zaton haɗuwar launi a cikin ido za ta ba da haske fiye da haɗa shi a faranti, amma sau da yawa abin da ake samu wani laushi ne mai ɗan toka-toka, kamar ana kallo ta cikin hazo. Lissafin bai fita daidai ba, kyan kuwa ya fita.)

Ka ji an ambaci marina da zare, ko? To cire hular da ke kanka ka duba. Zanna Bukar ce, ko Damanga, ko Ƙube, ka matso da ita kusa da ido. Me ka gani in ban da ɗigon zare kusa da ɗigon zare, kowanne da launinsa, wanda wata baiwar Allah ko wani bawan Allah ya zauna makonni yana soka allura? Ka miƙa hannu ka nisanta ta, sai fure ya fito. Mai ɗinkin hula bai taɓa jin sunan Chevreul ba, amma ya san in ya ajiye ruwan goro kusa da shuɗi hular za ta yi magana, in ya ajiye shi kusa da ja za ta mutu. Haka mai saƙar faifai, haka mai aska takwas a gaban babbar riga. Har wannan mujalla da ke hannunka, in ka sa gilashin ƙara girma a fuskar jarumar da ke bango, ɗigo za ka gani masu launi huɗu. Talabijin ɗinka da wayarka ma haka, ɗigon ja da kore da shuɗi ne. Duk ɗan fim ɗin da ya ce wannan magana ta Turawa ce ba ta shafe shi ba, to bai san da abin da yake cin abinci ba.

Sai dai ni ba ɗigon ne ya fi damuna ba. Abin da na fi so ka riƙe, mai karatu, shi ne inda Sura ya je. Bai zauna a ɗakinsa ya zana dajin Afirka da bai taɓa gani ba. Gaɓar ƙasarsu ya je, ya kuma yi ta komawa: Grandcamp a 1885, Honfleur a 1886, Port-en-Bessin a 1888, Gravelines a 1890. Garuruwan masunta ne, babu wani abin a zo a gani a cikinsu. An ruwaito cewa yana zuwa ne don ya wanke idonsa daga hasken ɗakin aiki. Babban zanensa na mutanen Faris suna shan iska ran Lahadi a wani tsibiri na kogin Seine, wanda ke Shikago yanzu, kimanin shekara biyu ya ɗauke shi, 1884 zuwa 1886, bayan ya yi ƙananan gwaje-gwaje fiye da 50 yana zuwa wurin yana dawowa. Ya rasu a 1891 yana da shekara 31. A wannan shekarar ce Signac, wanda shi matuƙin jirgin ruwa ne, ya zana jiragen masu kamun kifi a Concarneau rana tana faɗuwa, ya ba zanen suna irin na ma'aunin kiɗa, mai nufin a tafi a hankali. Su suna sa wa yammaci kiɗa, mu muna sa wa kiɗa yammacin aro.

Mutanen nan wurinsu suka kalla har suka gan shi. Mu kuwa muka tsallake kallon, muka sayo sakamakon, shi ma ba na asali ba, jikan jikan kwafinsa da aka buga a leda ake sayarwa a bakin titi tare da kalanda. Yanzu ma abin ya ƙara sauƙi, tunda yaro zai rubuta wa manhajar ƙirƙirarriyar basira layi ɗaya ta zubo masa teku goma kafin shayinsa ya huce. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Yanzu tashi mu hau mota. Mu ɗauki hanyar Zariya mu nufi kudu. Cikin ƙaramar hukumar Bebeji akwai madatsar ruwa ta Tiga, kimanin kilomita 70 daga birni, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, aka tare Kogin Kano. Faɗin ruwan ya kai murabba'in kilomita 178, yana ɗaukar ruwa kusan mita mai kusurwa biliyan 2, kuma shi ke shayar da shinkafa da tumatirin Kadawa da Kura. Wannan ba kududdufi ba ne. Ka tsaya ta gaɓar gabas da la'asar sakaliya, rana tana gabanka, ruwa ya miƙe, duwatsu sun fito daga cikinsa, masunta na tura kwalekwale za su duba koma, Bafulatani ya gangaro da shanu shan ruwa ƙura tana tashi a bayansu. Me wancan hoton leda ya fi wannan da shi? Kwakwa? Ga giginya.

Ka wuce gaba, ka karya ta Kwanar Dangora a ƙasar Kiru, ka bi hanyar Jos ta Tudun Wada. Ƙasa za ta fara sauya maka fuska. Jan ƙasa, tudu da kwari, gonakin masara da ba ka ganin ƙarshensu, domin wannan yanki ya fi ko'ina samun ruwan sama a jihar Kano. Sai ka faɗa dajin Falgore, wanda ada ake kira dajin Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji a 1969, faɗinsa ya doshi murabba'in kilomita 1,000. Doka, maje, kaɗanya, ɗorawa, kirya. Ka fita daga dajin ka shiga ƙasar Doguwa, ƙarshen jihar ta kudu, inda duwatsun Riruwai suka yi zobe, inda aka haƙi kuza tun zamanin Turawa, ramukan da tsofaffin gine-ginen ma'aikatan suna nan suna jiran mai labari. Duk wannan a cikin jihar da ta haifi Turmin Danya a 1990, jihar da sunanta ke cikin sunan industirin. Shekara 30 da ɗoriya muna fim, amma in baƙo ya tattara finafinanmu don ya san kamannin ƙasar Hausa, zai rantse falo ce mai labule da kujerun kushin, sai get, sai cikin mota.

Na san abin da wani darakta zai ce: ai mun sha zuwa Tiga, mun je Bagauda, mun je duwatsun Jos ɗaukar waƙa. Gaskiya ne, an je. Amma me aka yi da aka je? An isa da sha biyun rana saboda an tsaya jiran jaruma, aka jingina ta da dutse, aka cika kyamara da fuskarta, aka canza kaya kala shida, aka tattara kafin la'asar don kada a yi dare a hanya. Da tsakar rana haske daga tsakar ka yake saukowa. Ramin ido ya yi baƙi, goshi ya yi ƙyalli, sama ta ƙone ta koma fari fat, ruwa ya zama kamar kwanon rufi. Wanda ya je Tiga a wannan lokaci ya dawo, Tiga ba ta san ya je ba. Bango ya mai da ita, kamar dai hoton falon Alhaji, bambancin kawai wannan ya ci kuɗin mai.

Tunda Indiya muke so mu kwaikwaya, to mu kwaikwaye su da gaske mana. Wane ne a cikinmu bai kalli Sholay ba? Rufe ido ka tuna Gabbar Singh. Ba za ka iya tuna shi ba tare da duwatsun nan da yake takawa a kansu ba. Ramesh Sippy ya ɗauki fim ɗin, wanda ya fito a 1975, a Ramanagara, tsakanin Bangalore da Mysore, wuri ne mai duwatsu irin namu na Riruwai. Dutsen ya zama ɗan wasa, shi ke gaya maka cewa ƙauyen nan a tafin hannun mugu yake. Cire dutsen ka sa Gabbar a falo, ka ga ko zai ba yaro tsoro. Mun kwaso rawa daga wurinsu, mun kwaso soyayyar mutum uku, mun bar abin da ya fi amfani. A maƙwabta ma, Souleymane Cissé na Mali ya yi Yeelen a 1987, sunan fim ɗin kansa haske yake nufi, ya ɗauki ƙasa irin tamu, rana irin tamu, fata irin tamu, ya ci kyauta a bikin finafinai na Cannes.

Kuma yammacinmu ba iri ɗaya ba ne, wannan ma wata dukiya ce da mai teku a leda bai sani ba. Na hunturu daban: ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta cika sama, rana ta koma kamar farin faifai, kana iya kallonta ido da ido, ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba, bishiyoyi su jeru baya da baya kowace ta fi ta gabanta dusashewa. In da Sura ya ga wannan, da ya ce Allah ya riga shi, domin iskar kanta ɗige-ɗige ce. Na marka daban: an ɗauke ruwa, sama ta wanku, hadari ya tsage ta yamma, haske ya zubo ta kafar ya kwanta kan koren masara. Na kaka kuma daban, lokacin da karan gona ya bushe ya yi ruwan zinari, hayaƙin girki ya kwanta a kan ƙauye bai tashi ba, shafaƙi ya yi ja. Labarin rabuwa yana da yammacinsa, labarin dawowar ɗan ci-rani yana da nasa. Marubucin da zai cinye shafi huɗu yana lissafa kayan lefe, da atamfa da leshi da takalmi har da sunan turare, ya kasa ba mu layi uku kan yadda gari ya yi ranar da aka kai amarya? Sai ya ɗauke su ya kai su Dubai shan amarci, can ne zai tuna akwai rana a sama. Hausa tana da hantsi, da la'asar sakaliya, da la'asar lis, da almuru, da shafaƙi. Kakanninmu ba su raɗa waɗannan sunaye ba sai da suka zauna suka kalla.

To, mu zo kan uzuri, domin akwai su, kuma ba duka ne na banza ba.

Babba shi ne kuɗi. Furodusa zai ce a kwana uku yake so a gama, kowace awa kuɗi ce, ba zai ciyar da mutum 20 suna zaune suna jiran rana ba. Na ji. Kuma zan ƙara masa da abin da bai faɗa ba: yammacinmu gajere ne. Sura a arewacin Faransa, a watannin zafi, yana da almuru mai tsawo, haske na jan ƙafa kafin ya tafi. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya rana a tsaye take gangarawa. Kyakkyawan hasken bai fi rabin awa ba kafin ta faɗi, bayan ta faɗi kuma minti 20 da 'yan kai duhu ya rufa, ga kiran sallar magariba. Amma wannan ai hujja ce ta a yi tsari. Rana ba jaruma ba ce, ba ta makara, ba ta kashe waya. A Kano tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba, wajen 7 saura a watan Yuli. Ka ɗauki sina-sinan cikin ɗaki da rana, ka yi gwajin na waje da la'asar, kowa ya san inda zai tsaya, a tanadi farin allo na mai da haske kan fuska, batir a cike. Ba mu ne farau ba. Terrence Malick ya yi Days of Heaven a 1978, ya ɗauki babban ɓangarensa a cikin wannan ɗan taƙin na kimanin minti 20 a kowace rana, mai kyamararsa Nestor Almendros ya ci kyautar Oska da shi. Ba a ce mu yi fim sukutum haka ba. Sin ɗaya fa ake roƙo.

Sai tsaro. Wannan ba abin wasa ba ne. A wajejen 2015 da 2016 ɓarayin shanu sun addabi dajin Falgore, kuma babu mai hankalin da zai ce a kwashi 'ya'yan mutane a shiga ƙungurmin daji da almuru. Wanda zai je ya fara da gaida hakimi da dagaci, ya tambayi jami'an tsaro da masu gadin daji, ya bi abin da suka ce. Amma Tiga daji ce? Gonakin Tudun Wada daji ne? Shekarun da babu wannan fargaba, a zamanin Sangaya da Wasila, wa ya je ya tsaya ya kalla?

Wani kuma zai ce 'yan kallo ne ke so, talaka yana son ya ga abin da ba shi da shi. Wannan magana ita ce ta fi ba ni haushi, domin raini ne aka naɗe da tausayi. Yaushe aka nuna wa talakan ƙasarsa da kyau ya ce ba ya so? Yaron da ya tashi a Doguwa, tun yana goye yake kallon fim da harshensa, bai taɓa ganin dutsen bayan gidansu a ciki ba. In ƙauye ya fito, to na barkwanci ne, ga Ibro, Allah ya jiƙansa, ga bukka, ga ƙauyanci, a yi dariya. In kyau ya fito, to a wata ƙasa yake. Darasi ne muke karanta masa kullum ba tare da mun buɗe baki ba, cewa inda yake ba wurin zama ba ne. Sannan mu dawo muna mamakin samari suna sayar da gona su bi ta Agadas.

Akwai kuma maganar addini, wadda wasu ke fakewa da ita in an ambaci zane. Fagen malamai ne, amma abin da ke cikin Bukhari da Muslim sananne ne: wani mai sana'ar zane ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, ya tsoratar da shi kan zana abu mai rai, sannan ya nuna masa mafita, cewa in ba makawa ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Wato zanen ƙasa da ruwa da sama ƙofa ce da aka bari a buɗe. A industirin da ta sha dambarwa da Hukumar Tace Finafinai tun kafa ta a 2001, a kan rawa, a kan sutura, a kan cakuɗa maza da mata, ga fage guda da babu mai tare ka, almakashin hukuma ba ya yanke faɗuwar rana, shi ne kuma fagen da muka ƙi shiga. Wannan ba shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa ba?

Ka tuna rigimar 2016? Gwamnatin Tarayya ta ce za ta gina dandalin shirya finafinai na Naira biliyan 3 a Kofa, cikin Bebejin nan dai. Malamai da jama'a da dama suka yi caa, aka janye maganar. 'Yan fim suka yi ta kukan an yi musu asara, kuma ban ce ba a yi ba. Abin da na lura shi ne, ana ta musu a kan ginin da ba a aza tubalinsa ba, alhali ruwan Tiga na nan a ƙaramar hukumar, ba a soke shi ba, ba ya buƙatar kasafin kuɗi. In da an gina dandalin ma, ina tsoron abin da za a fara saye shi ne koren ƙyalle mafi girma a Afirka ta Yamma.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta wuce ado shi ne, wuraren nan ba jiranmu suke ba. Duk mai bin hanyar Jos yana ganin buhunan gawayi a bakin titi, ya kuma san daga inda suke fitowa. Gona tana cin daji, gari yana cin gona. Mutumin Honfleur na yau yana iya zuwa ya ga yadda gaɓar garinsu take a 1886, saboda wani saurayi ya zauna ya ɗiga ta. Jikan mutumin Falgore in ya tambayi yadda dokar dajin take kafin a sare ta, fim ɗin wa za a kunna masa?

Kuma ba mu rasa masu hannu ba. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan a Zariya, inda tun 1958 su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna ɗalibai, suka kafa ƙungiya a kan wannan magana dai, cewa a koyi dabarar Bature amma a zana abin gida. A Osogbo, Jimoh Buraimoh ya ɗauki duwatsun ado ya riƙa jera su ɗaya bayan ɗaya yana fitar da zane, ga ɗige-ɗige na Bayarabe. Kwalejojin kimiyya da fasaha namu suna yaye masu zane duk shekara, su ƙare a rubuta allon shago da lambar Keke Napep. Furodusan da zai iya hayar gida mai bene da mota uku don sin ɗaya, zai iya biyan ɗaya daga cikin yaran nan kuɗin mota da na fenti ya je Tiga ya kwana bakwai, ya dawo da allo guda. A sauke na ledar, a rataya wannan a bayan Alhaji, a sa sunan yaron a jerin ma'aikata a ƙarshen fim. Marubuciya ma haka, bangon littafinta na gaba.

Ga darakta kuwa, minti ɗaya nake nema. Ba waƙa, ba magana, ba jirgin nan mai kyamara da ake tayarwa sama ya yi ta shawagi a kan rufin kwano. A kafa kyamara a kan ƙafafunta, a ƙyale ta. Mutum ya taho daga nesa, kan hanyar gona, duwatsun Riruwai a bayansa, mu gane daga tafiyarsa ko labarin da ya ɗauko mai daɗi ne. Ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ya fi, an cire masara, hazo bai sauko sosai ba. A isa wurin kafin ƙarfe 4, a gama da 6, a yi alwala a bi jam'in magariba a garin.